Ƙyallaye Goma Sha Ɗaya

"Jawo akwatin nan na ƙarƙashin gado," in ji Goggo Ƙulu. "A hankali dai, kar ki haihu mini a ɗaki."

Nazira ta durƙusa da kyar, cikinta na wata takwas ya tokare mata gwiwa. Tun da ciwo ya kwantar da tsohuwar ita ke leƙo ta kowace hantsi, da yake bango ɗaya ya raba ɗakunansu a gidan hayar nan na unguwar Alibandeng. Akwatin ƙarfe ne, danshin bakin teku ya ci gefensa. A ciki fararen ƙyallaye ne a ninke, kowanne bai wuce kamu biyu ba. Ta ƙirga, goma sha ɗaya.

"Na mene ne, Goggo?"

"Likkafanin jarirai."

Nazira ta janye hannunta. Goggo Ƙulu ta yi shekara arba'in tana karɓar haihuwa a gidajen Hausawan Libreville, amma Nazira ba ta taɓa jin ta yi wannan zancen ba.

"A zamaninmu ungozoma ba ta zama babu su. Ana tsakar kuka wa zai tafi kasuwa neman yadi? Ni kaina goma na haifa, huɗu suka tsaya. Shekarar ƙyanda a sati guda na ciri uku." Ta yi tari, ta huta. "Sai aka koma ɗaya a shekara, sai ɗaya a shekara biyar, har na manta da akwatin. Ku yanzu biyu kuke haifa ko uku, ku yi ta jigila da su rigakafi, duk su girma su cika mana kunne da Faransanci."

"Allah ya ba ki lafiya, Goggo."

"Shekarata tamanin da bakwai, 'yar nan. Uwata ko hamsin ba ta gani ba. Na gaya wa 'yata Fadima, in na tafi a haɗa su a ɗinka mini nawa. Kar a sa sabon yadi, kar a bar ko ɗaya."

Nazira ta ce to. Bara ta yi ɓari a wata na shida, kuma a wannan cikin ko hula ba ta saya ba. Da mijinta Zakiru ya kawo 'yar safa ruwan ɗorawa daga shagonsa, cewa ta yi ya ɗauke mata ita daga ido. Don haka da barci ya ɗauki tsohuwar, sai ta zare ƙyalle guda ta tura cikin hijabinta. Ko da za a nema.

Ranar Alhamis da safe Goggo Ƙulu ta cika. Ruwan sama na dukan kwano, mata suka takure a baranda. Fadima, babbar 'yar marigayiyar, mai jikoki huɗu, ta saƙala tabarau tana ɗinki da hannu. Da ta gama ta shimfiɗa, ta auna da kamu, ta sake aunawa.

"Ba zai rufe ƙafa ba. Inna ta ce sha ɗaya ne, ni goma na gani."

"A aika a sayo yadi mana," in ji wata.

"Ta hana. Wasiyyar ke nan guda ɗaya da ta bari."

Daga waje wani dattijo ya yi gyaran murya, ya ce azahar ta kusa, maza na jira.

Nazira ba mai magana ce cikin taro ba. Ta miƙe ta shiga ɗakinta, ta ɗaga matashi, ta daɗe tana kallon ƙyallen. Abin cikinta ya harbe ta a haƙarƙari, da ƙarfi, har sai da ta dafa bango. Ta ɗauko, ta fito, ta ajiye a cinyar Fadima, kanta a ƙasa.

Fadima ta dubi ƙyallen, ta dubi cikin Nazira.

"Zauna nan, ƙanwata. Zura mini zare, idona ya gaji."

Likkafanin ya rufe ƙafa har da 'yar rara.

Bayan sadakar bakwai Fadima ta ce wa Nazira ta ɗauki akwatin, babu mai so. Nazira ta goge tsatsar da toka da lemon tsami, ta shimfiɗa tsohon zani a ciki. Da la'asar Zakiru ya dawo ya tarar da shi a buɗe a bakin ƙofa yana shan rana, 'yar safar nan ruwan ɗorawa a tsakiyarsa.