Littafin Toza Ya Shiga Gari

Toza yana tsaye a cikin bas, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da ledar burodi, sai idonsa ya faɗa kan wayar mutumin da ke zaune a gabansa, ya ga rubutun hannunsa. Ba wai kama ba. Nasa ne, da ɗan karkacen nan zuwa hagu, da jan layin da yake ja a ƙarƙashin sunan mutum. Mai wayar, wani ƙato da Toza bai taɓa gani ba, yana karantawa yana dariya har kafaɗunsa na rawa.

Da ya lura ana leƙa masa waya bai ji haushi ba, sai ma ya ɗaga ta sama. Ya ce ai wannan abu tun jiya yake yawo a waya, a zauren 'yan foka, masu cacar kati, na garin nan Nish, wani tsohon mugu ne ya zauna shekara da shekaru yana rubuta asirin abokan wasansa. Ya karanto masa wani wuri: wai Gvozden likitan haƙori in ya samu kati mai kyau yakan daina magana, in kuma matarsa ta kira shi a waya, to, awa guda bayan nan kuɗinsa na kowa ne. Ƙaton ya share hawayen dariya ya ce shi dai yana so ya ga fuskar likitan nan. Toza ya ce shi bai san kan foka ba, ya sauka a tasha ta gaba, wadda ba tasa ba.

Svetozar sunansa, amma ko matarsa Slobodanka Toza take ce masa. Shekara goma sha biyu ke nan da aka rufe masana'antar da yake aikin awon na'urori, aka sallame su da takardar godiya. Wasu suka tafi Jamus, wasu suka kama kwalba. Shi kujera ya kama, a ɗakin baya na kafanar Dobrila, gidan shan kofi da giya, inda mutum takwas ke zama Laraba da Lahadi da rana su buga foka. Sauran bakwai ɗin nishaɗi ke kai su, suna da shaguna da ofisoshi. Toza kuwa da teburin nan yake ci, da shi yake sha, da shi ya aurar da 'yarsa. Kowa ya ɗauka sa'a ce da shi. Sa'ar me? Littafi ne mai baƙin bango da ba ya rabuwa da aljihun kwat ɗinsa. Gaban littafin lissafi ne, wane kati ake shiga da shi daga wace kujera, yaushe ake ƙara kuɗi, yaushe ake janyewa. Bayansa kuwa mutane ne, kowa da shafinsa.

Kwana goma da suka wuce aka yi slava a gidan Milutin, bikin waliyyin gidansu. Milutin kum ɗin Toza ne, shi ya tsaya masa a aure, shi ya riƙe 'yarsa ranar baftisma, kamar yadda iyayensu maza suka yi wa juna. An gama juya gurasar biki, an zuba mata ruwan inabi, an karya, gida cike da baƙi, sai Milutin ya dafa kafaɗarsa ya ce a gaban kowa yana da roƙo. Ya ce su 'yan teburi sun buɗe zaure a waya suna koyon wasa tare, domin duk sanda 'yan Belgrade suka zo gasa sai su yashe su tas. Ya ce kowa ya kawo abin da ya sani, saura lissafin da ke aljihun kum.

Mu nan mutum yakan hana ɗan'uwansa na ciki ɗaya abu, a yi fushin wata biyu a shirya. Kum ba a hana shi, balle a gidansa, ranar slavarsa, kyandir na ci. Toza ya so ya ce bari ya je gida ya kwafo, amma hannun Milutin na miƙe, tsofaffin mata na kallo. Ya zaro littafin ya ba shi. A hanyar gida Slobodanka ta tambaye shi ko ya cire shafukan baya. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, Milutin bai taɓa karanta abu ya wuce shafi uku ba. Abin da ya fi ƙona masa rai yanzu ke nan, shi da kansa ya auna mutumin, kuma ya auna shi ba daidai ba.

Ya taka da ƙafa har kasuwa. Milutin na bayan teburinsa na cuku, da farin gyauto a ƙirji, yana ɗanɗana wa wata mata a bakin wuƙa. Sai da ya gama da ita, ya ba ta canji, ya ce ta gaida maigida, sannan ya juyo.

"Kume, ka zo? Ɗanɗana wannan, na tumaki ne."

"Lissafi ka roƙe ni."

"Lissafi na roƙa."

"To me ya kai bayan littafin cikin zaure?"

Milutin ya goge wuƙar a gyautonsa. Ya ce da farko ma bai yi niyyar karantawa ba, surukarsa ya ba ta ɗauki hoton shafukan a wurin aikinta. Ita ce ta dawo da littafin tana sunkuyar da kai, ta ce Baba ka duba shafi na sittin da ɗaya. Bai ɗauko waya ba, ya haddace. Ya faɗa a hankali, kamar mai karanta farashi.

"Milutin. In hannunsa babu komai yakan juya zoben aurensa. In aka zuba masa ido ba ya iya janyewa, kunya yake ji. Kada a gaya masa. Shi ne kuɗin wutar gidanmu."

Toza ya ce wasa ne, haka wasan yake, kowa da idonsa yake zama. Ya ce bai taɓa yi wa kowa maguɗi ba, bai taɓa leƙa katin kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Milutin ya yarda da duk wannan. Ya ce abin da ya hana shi barci ba kuɗin ba ne, cuku zai mayar da su. Sau nawa suna tafiya gida tare ya tambaye shi, kume, me nake yi ba daidai ba? Shekara goma sha biyu amsar ɗaya ce, a dafa shi a ce kati ne bai zo ba. Ya ce in kuɗin wuta Toza ke buƙata, ai baki gare shi, da ya faɗa.

Wannan maganar ta fi komai yi wa Toza ciwo, don ya san da ya roƙa gara ya mutu. Ya haɗiye, ya tambayi abin da ya kawo shi. Kujerarsa fa?

Milutin ya ce jiya an yi ta cacar baki a zaure. Gvozden ya rantse in Toza ya sake shiga ɗakin sai ya cire masa haƙori ba allura. Obrad mai sayar da tayoyi, wanda aka rubuta cewa giya uku ke raba shi da hankalinsa, ya ce a gaya wa Dobrila ta hana shi ko kofi. Shi Milutin ne ya tsaya ya ce babu mai korar kum ɗinsa yana raye.

"Kujerarka na nan, ƙarfe biyu kamar kullum. Sai dai mun ga littafin bai cika ba. Mutum takwas ne a teburi, shafi bakwai ka rubuta. Mun cike maka na takwas."

"Me kuka rubuta?"

"Kowa ya kawo abin da ya gani. Ashe mu ma muna da ido, haɗawa ne ba mu taɓa yi ba."

"Nuna min, Milutin."

"A'a, kume. Wannan na 'yan zaure ne."

Ya yanko cuku rabin kilo, ya naɗe a takarda, ya cusa a ledar burodin Toza, ya ce a kai wa Slobodanka. Bai karɓi kuɗi ba.

Saura awa biyu. Toza ya zauna a benci bakin kogi da leda a cinya, yana ta bin kansa da bincike. Shi da ya san wanda ke haɗiyar yawu da wanda ke karkaɗa ƙafa, bai san me fuskarsa ke yi ba. Yana taɓa gilashin idonsa ne? Numfashinsa ne ke canzawa? Ko ƙarya ce Milutin ya shara masa, babu wani shafi, so yake kawai ya rikita shi? In haka ne, to, karon farko ke nan da mutumin ya iya burga. Ya yi tunanin ya tafi gida kawai. Ya yi tunanin wani teburin, amma wane teburi a garin nan zai karɓi mai baƙin littafi, bayan har baƙo a bas ya san labarinsa? Shekararsa hamsin da tara, kuma ba ya da wata sana'ar. Ya tashi.

Dobrila ta amsa gaisuwarsa ba ta ɗago daga goge kofuna ba. A ɗakin baya duk sun hallara, kujerarsa ta jikin taga na nan babu kowa a kai. Babu wanda ya zage shi, wallahi da zagin ya fi sauƙi. Gvozden ya kashe wayarsa ya ajiye ta a kife, yana ta surutu ba ƙaƙƙautawa, da kati mai kyau da maras kyau. Obrad ruwan kwalba ne a gabansa. Milutin ya shigo daga baya yana warin cuku, ya cire zobensa a gaban kowa ya jefa a aljihun riga, aka yi 'yar dariya. Sun yi karatu, 'yan banza, har lissafin gaban littafin sun haddace, kuma da kyau ya rubuta shi.

Awa guda da rabi Toza bai shiga wasa ba. Ana raba kati yana dubawa yana turawa, kuɗin zama da ake sakawa dole na gutsurar abin da ke gabansa kaɗan kaɗan. Hannuwansa ya rasa inda zai ajiye su. Ya ɗora a teburi, ya sauke a cinya, ya sake ɗorawa, kuma duk motsin da ya yi sai ya ji ido bakwai a kansa.

Wajen ƙarfe huɗu Obrad ya raba. Toza ya ɗaga gefen katinsa biyu, ya ga as da as, hannun da babu na sama da shi. Irin wannan ne yake jira mako guda, irin wannan ne ke ciyar da gida. Ya ajiye su daidai yadda yake ajiye kowane kati. Ya ƙirga uku a ransa. Bai taɓa gilashi ba, bai kalli kowa ba, bai canza numfashi ba, shi dai a iya saninsa. Ya tura ƙari ɗan madaidaici, wanda ba ya tsorata ko yaro.

Na hagunsa ya jefar da kati. Na gaba ya jefar. Gvozden, wanda bai taɓa barin hannu ya wuce shi ba a ga katin tsakiya ba, ya jefar yana ci gaba da labarin wata mata mai tsoron allura. Haka suka bi layi, babu wanda ya kalli wani, babu wanda ya yi jinkiri. Saura Milutin. Ya duba katinsa, sarki da sarki ne, hannun da ba a jefarwa, ya juya su a fili don kowa ya gani, ya tura su tsakiya a hankali.

"Kwashe, kume. Naka ne."

Toza ya jawo abin da ke tsakiyar teburin. Dinari ɗari da hamsin, kuɗin kofi ɗaya. Obrad ya tattara katin yana shirin sake rabawa, ya tambaye shi ko yana ciki.

Ya ce yana ciki.