Gwajin Ƙarfe Huɗu

Da ƙarfe huɗu Hureira za ta yi gwajin korona a wani asibiti a Cheras, can ƙasar wajen da suke zaune, kuma in babu takardar gwajin ba mai barin ta shiga jirgin saman komawa gida jibi. Shekara biyu rabonta da 'yarta Rumaisa, wadda ta bari wurin kakarta a Zariya tana rarrafe. Amma mijinta Abdulwahidu, da yake shi zai zauna ya ƙarasa digirinsa, ya kafe sai sun yi yawon bankwana. An sassauta kulle, ga kwalekwale mai inji ana haya a wata hanyar ruwa can gaba da Sri Petaling. Ta bi shi don a zauna lafiya.

Sai da suka yi nisa injin ya yi tari sau biyu, ya mutu.

"Small thing ne," in ji Abdulwahidu yana naɗe hannun riga. "Sak janaretanmu na gida."

Janaretan nan kuwa, duk layinsu an san wanda ya kashe shi.

Ya zare fulogi, ya hura, ya goga a wando. Ya ja igiya har takunkuminsa ya jiƙe sharkaf. Daga nan ya buɗe murfi ya shiga kwance-kwance, yana jera notuna a kan murfin kular abinci. Hureira ta duba agogo, biyu da rabi. Takaici kamar ta yi ihu.

"Abban Rumaisa, ka kira mai kwalekwalen mana!"

"Na kira. Ya ce boleh, wait lah, wai to, mu ɗan jira. Shi kaɗai ne, babu ma'aikata tun lockdown."

Ta leƙa bayan kwalekwalen don kawai ta daina kallonsa, sai ga ciwon a fili. Tsofaffin takunkumai ne da mutane suka yar, igiyoyinsu sun nannaɗe farfela tam. Ta ciro abin yanke farce a jaka ta tsinka su ɗaya bayan ɗaya.

"Shi ke nan. Sai ka mayar wa injin da hanjinsa."

Ya juyo da sauri, gwiwarsa ta daki kula. Notuna uku suka gangara, ɓul, ɓul, ɓul.

Ta ɗauki lemarta ta zura a ruwa, ta ji ta taɓa laka. Ashe ruwan da suka kusa awa biyu a kansa ko ƙugu bai kai ba. Can bayan ciyawar gaɓa ana jin ƙarar motoci. Ta cusa fasfo da waya a leda, ta ɗora a ka.

"Haba Hureira, a wannan ƙazantar?" Ya sassauta murya. "In ma flight ɗin ya wuce, ai akwai na wani satin. Sati ɗaya ne kawai."

Ta dube shi. Tausayinsa ya kama ta, amma haushin ya fi yawa.

"Jiya a waya, ka ji abin da Rumaisa ta kira ni?" ta ce. "Anti."

Ta tattare zaninta, ta dira cikin ruwan.