Muryar Jona

Taufiq yana sauke kujerun roba daga keke napep a ƙofar gidan makoki, a unguwar Maisandari, sai wayarsa ta yi ƙara. Babakura ne, makaɗin ƙungiyarsu.

"Yanzu aka karanta jerin waƙoƙin mako a rediyo," in ji Babakura. "Mu ne na ɗaya."

"To," Taufiq ya ce.

Babakura ya kashe wayar.

Su huɗu ne a ƙungiyar waƙar da suka sa wa suna Samarin Mairi, a jami'a suka haɗu. Ranar da waƙarsu "Inuwar Dogonyaro" ta fito, Jona, jagoran waƙar, yana kwance a asibiti da ciwon ƙoda. Daga can ƙasan jerin ta fara, tana hawa sannu a hankali, shi kuma yana ta ramewa. Jiya aka binne shi.

Taufiq ya tarar da mahaifiyar Jona, Malama Dorothy, zaune a tabarma tsakanin matan zumunta na cocinsu. Tun farko ba ta son wannan harka; ta fi son ɗanta ya riƙe ƙungiyar mawaƙan coci. Ko sau ɗaya ba ta saurari waƙar ba.

Ya durƙusa. "Mama, ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗana." Ta dube shi da kumburarrun idanu. "Yara suna cewa waƙarku ta wuce ta kowa. Sa mini in ji."

Ya kunna. Kiɗa ya tashi, matan suka sunkuyar da kai. Ta kara wayar a kunne har ƙarshe, goshinta a tattare.

"Ina Jona a ciki?"

"Shi ne ya fara, Mama. Shi ne kuma a amshi."

Ta girgiza kai. "A'a. Ni na haife shi. Wannan ba muryarsa ba ce."

A situdiyo an bi muryoyinsu da na'ura, an goge, an daidaita, har suka yi sumul. A lokacin tsalle suka yi ta yi don murna, Jona ma ya fi kowa.

Taufiq ya shiga lalube a wayar, har ya samo wani tsohon sauti da suka ɗauka ranar gwajin waƙar a ɗakin Babakura. Janareton maƙwabta na ruri. Jona ya ja baitin farko, muryar ta karye, ya yi tari, ya fashe da dariya. "Kai, ku tsaya, a sake!"

Malama Dorothy ta dafe ƙirji.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ga ɗana."

Saƙonnin taya murna suna ta faɗowa, suna katse sautin. Taufiq ya rufe data, ya sake kunna sautin gwajin daga farko, ya sa mata wayar a tafin hannu. Sannan ya fita ya ci gaba da jera kujeru.