Inna Asibi da Kwamfutar Ƙungiya

Ƙarfe sha ɗaya na safe, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, mu kuwa muna ofishin ƙungiyar manoma a Hunkuyi muna rabon irin masara. Ni ne a gaban kwamfuta. Wanda sunansa ya fito, sai a ba shi buhunsa. Direban motar da ta kawo irin ya ce da an fara yayyafi zai juya da abin da ya rage, don hanya ba ta da kyau.

Sai ga wata tsohuwa daga Taba, Inna Asibi. Na buga sunanta, shiru. Ashe wanda ya haɗa mana na'urar, Zayyad, ya bar ta yadda ta zo: da sunan maigida kawai take nema.

"Inna, mene ne sunan marigayi maigidanki?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Kai yaro! Shekara arba'in ban faɗa ba, sai yau a gaban akwati?"

Mukarrama, sakatariyarmu, ta tuntsure da dariya. "Inna, raɗa mini a kunne mana."

"Ke ma ki je ki raɗa naki."

Babu ɗan Taba a layi da zai faɗa mana sunan. Na kira Zayyad yana Zariya. Ya ce in shiga wajen saiti, zan ga ƙananan akwatuna, in taɓa na sunan mutum. Na tarar da biyu masu kama da juna, duk da Turanci. Na taɓa na farko, babu abin da ya canza.

"Wancan sai ka buga suna cikakke," in ji shi. "Taɓa na ƙasa, ka bar ta ta sake jera mutane."

Wani koren layi ya fara tafiya a hankali. Direba ya tayar da mota. Mukarrama ta fita a guje tana, "Tsaya, Malam Yahya, saura ƙiris!" Mutane suka yo kaina, kowa na cewa ya kusa, ya kusa.

Layin ya cika. Na buga Asibi. Ga ta nan, Taba, buhu ɗaya! Ofis ya kaure da shewa, matan da ke baya suka fara kiran sunayensu da ƙarfi.

Yayyafi ya sauko. Inna ta hau acaɓa tana faɗa da ɗan acaɓan kan ya yi sauri. Na ɗauko ledar da muke rufe kwamfuta da ita, na lulluɓe mata buhun. Ko waiwayowa ba ta yi ba, suka tafi.