Gudun Sadisu a Ƙarƙashin Koren Fitilu

Tun ranar da Sadisu ya sauka a Makka, Amatullahi ba ta daina kallon hannunsa ba. Ƙanenta ne, ita ta goya shi a tudun Nakkasa, tsohuwar unguwarsu a nan Makka, ta san yadda yake riƙe kofin shayi tun yana ɗan mitsitsi. Yanzu kuwa sai ya ɗauki kofin ya kai baki, ya tsaya, ya ajiye, kamar ya manta abin da ya sa ya ɗauko shi.

Duk wanda ya zauna a unguwar ya san Sadisu. Shi ne yaron da kawunsu ya tafi da shi Faransa, ya faɗa wasan zari-ruga, wasan nan da ƙato ke rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai ya ruga, wasu ƙartin su yi ta neman maka shi da ƙasa. Shi a gefen fili yake tsayawa. Da an wurgo masa ƙwallo sai ya zuba da gudu ya je ya dangwala ta a bayan layi, kuma gudun nan a matattakalar Nakkasa ya koye shi, ba a wajen wani Bature ba. Ƙasar da ta ba shi fasfo ta sa masa rigarta, ya buga mata wasannin ƙasa da ƙasa, ya ɗaga kofuna, har aka yi shekarar da babu wanda ya kai shi dangwalawa. Mahaifiyarsu, Umma Ummulkhairi, ba ta gane komai a wasan ba, dambe take kiransa. Amma da aka rushe gidansu suka koma unguwar Utaibiyya, hotonsa ne abu na farko da ta sa aka kafa a bango.

Abin da Umma ba ta sani ba, Amatullahi ta sani, don matar Sadisu ta kira ta tana kuka. An buge shi a kai a wasan ƙarshe, kuma ba karon farko ba ne. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ta jigata, in aka ƙara ko sau ɗaya, ba lallai ya sake gane kansa ba. Gogan naka kuwa ya toshe kunne, wai gasar duniya na tafe, daga ita ya bari. Umarar da ya zo yi har da neman albarkar Umma a ciki, kuma duk faɗin duniya Umma ce kaɗai za ta ce masa bari, ya bari.

Ranar da za su Harami, ya tare Amatullahi a kicin.

"Yaya, don Allah kada ki faɗa mata. Ciwon kai ne kawai, halas, shi ke nan."

"Ciwon kai ne ya sa jiya ka tambaye ni ina Baba ya tafi? Baban da kai ka sa shi a kabari?"

Ya yi wata 'yar dariya da ba irin tasa ba. Tsoro ya kama ta sosai. Sai dai Umma na fama da hawan jini, don haka Amatullahi ta ce wa ranta a bari tukuna a gama ibada. Umma ma ta riga ta ce masa sai sun kammala sa'ayi a Marwa za ta ba shi amsa kan albarkar da yake nema.

Bayan la'asar suka gama ɗawafi. Masu tura arabiyya, keken da ake ɗaukar tsofaffi, suka yi caa a kansu, Sadisu ya kore su. Ya ce yana raye wani ba zai tura Ummansa ba. Umma ta zauna da gorar zamzam a cinya, shi yana turawa cikin haraminsa, Amatullahi na gefe.

Tsakanin Safa da Marwa akwai wani wuri da aka jera koren fitilu a sama. Nan maza ke sassarfa, mata kuwa tafiyarsu suke yi. Duk sanda suka shiga hasken, Amatullahi sai ta ga wuyansa ya sankare, idonsa na waige-waige hagu da dama.

"Yaya, na nawa ne wannan?"

Ta faɗa masa. Ba su yi nisa ba ya sake tambaya. Umma ta ɗago ta dube shi, ta dubi 'yarta.

A zuwa na ƙarshe, suna shiga ƙarƙashin fitilun, wani alhaji ya bangaji keken. Gorar ta subuce daga cinyar Umma. Kafin ta taɓa ƙasa Sadisu ya cafe ta, ya manna ta a ƙirji, ya saki keken.

Amatullahi ta sha ganin gudun nan a talabijin, amma ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba. Ya kauce wa wannan, ya gilma ta gefen wancan, bai taɓa ko mutum ɗaya ba. Fitilun suka ƙare, maza suka koma tafiya, shi bai tsaya ba. Mayafin haraminsa ya faɗi a baya, cunkoso ya haɗiye shi.

Umma ta kama hannun Amatullahi.

"Me kike ɓoye mini?"

Nan a tsaye Amatullahi ta amayar da komai.

"Bi shi."

"Umma, mata ba sa gudu a nan."

"Wadda ta fara gudun nan mace ce, kuma saboda ɗanta ta yi shi. Da ina da ƙafa ba zan aike ki ba."

Amatullahi ta tattare abayarta ta ruga, mutane na binta da kallo.

A hawan Marwa ta same shi, ya durƙusa, ya danne gorar a ƙasa da hannu biyu. Yana ta haki yana murmushi, yana kallon jama'a, yana jiran su yi ihu. Ta dafa kafaɗarsa. Ya yi mata magana da Faransanci, da ya ga ba ta gane ba, ya juya Hausa.

"Baiwar Allah, mun ci?"

Ta durƙusa kusa da shi. Suna nan wani bawan Allah ya turo Umma har wajen. Tsohuwar ta sunkuyo ta riƙe fuskarsa, kamar yadda take yi in ya dawo gida da gwiwa a goge.

"Kun ci, Sadisu. An tashi wasa. Ban yarda ka koma ba, ka ji ni?"

Maganar da Amatullahi ke ta jira ke nan tun zuwansa, wadda ta san ba zai taɓa tsallakewa ba. Sadisu ya dubi tsohuwar da ladabi, irin ladabin da yake yi wa tsofaffin da ke tare shi a hanya. Tunda ya iya magana bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Umma.

"To, Hajiya," in ji shi, ya miƙa mata gorar. "Wannan taki ce?"