Sufana Ya Sa Riga a Baibai

Tun da Sufana ya tashi gyaran famfon burtsatse yake yi, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Shi ya sa da ƙungiyar aikin sa kai ta ɗauke shi ta tsallaka teku da shi, ya ɗauka yana sauka za a miƙa masa kayan aiki. Sai ga shi a aji, da furfura a gemu, a kan kujerar da ta yi masa kaɗan, ana koya masa gaisuwa da yaren mutanen ƙasar. Gado kuma mai hawa biyu, shi a sama, a ƙasa wani ma'aikacin jinya mai shegen surutu da ake ce wa Likita.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya masa a wuya dokar Malama ce, shugabar horon. Ta ce ɗan sa kai ba ya taɓa aiki. Koyarwa zai yi, mutanen gari su gyara da hannunsu, don kada famfo ya mutu ranar da baƙo ya tafi.

Ina Sufana ina wannan? Ana ba shi almajirin aiki, kafin bawan Allah ya gama duba noti, ya fizge sufanar ya gama. Haka ya yi ta yi har Malama ta kira shi ofis.

"Baba, wallahi ina ganin girmanka," in ji ta. "Amma gobe gwaji ne. Ka taɓa ko da noti ɗaya, jirgi zai mayar da kai gida."

Ya fito ya koma ɗakin kwanansu. Mutumin da dangi suka cika mota suka raka, ya koma ya ce an kore shi don ya yi aiki?

Likita ya ce, "Yaya, ko in naɗe maka hannayen da bandeji?"

"Fara naɗe bakinka tukuna."

Washegari aka taru a bayan makarantar, inda famfon tuƙa-tuƙa yake a kwance, an kwakkwance shi. Wadda zai koya wa wata tela ce daga cikin unguwa, mace mai jiki, da tef ɗin awo a wuya. Ba ta jin yarensa ko kaɗan. Sufana ya cusa hannu biyu a aljihu, yana nuni da haɓa, da ido, har da ƙafa. Tela kuwa akwai kai. Ta jera ƙarafan daidai, har ya fara sakin fuska.

Sai ta zo kan robar da ke ɗago ruwa, mai kama da ƙaramin kofi. Bakinta sama ya kamata ya kalla. Tela ta kife ta ƙasa, ta fara ɗaurewa.

Sufana ya lalubi kalmar juyawa a kansa, babu. Abin da ya haddace gaisuwa ce da godiya da tambayar makewayi. Ya daka mata gaisuwa da ƙarfi. Ta amsa da fara'a, ta ci gaba da ɗauri. Ya sake. Ta sake amsawa, wannan karon da kallon anya lafiyarsa. Likita ya riƙe ciki. Hannun Sufana na dama ya fara zamewa daga aljihu shi kaɗai, Malama ta yi gyaran murya.

Idon Sufana ya faɗa kan tef ɗin wuyan matar. Ai tela ce!

Nan take ya tuɓe rigarsa, ya rage daga shi sai singileti da tumbi. Ya juya ta baibai ya mayar, ɗinki duk a waje, aljihu na reto. Ya tsaya gabanta ya bugi ƙirji, sannan ya nuna robar da haɓa.

Tela ta yamutsa fuska, don ba abin da ta tsana irin ganin ɗinki a waje. Ta dubi rigar, ta dubi robar. Sai ta tafa hannu ta fashe da dariya, ta kwance, ta juya ta. Aka haɗa famfo. Ta kama hannunsa na ƙarfe ta yi ta tuƙawa, ya yi tari, ya yi gurnani, ruwa ya ɓalle har kan takalmin Malama.

Malama ta kakkaɓe ƙafa. "Baba, wannan ba ya cikin darasinmu."

"Na taɓa?"

"Ba ka taɓa ba. Je ka sito a ba ka gidan sauro da takalmin ruwa. Ƙauye za ka."

Sufana ya kama hanyar sito da sauri, kada ta sake shawara. Likita na biye da shi yana ihu, "Yaya, rigar! Yaya, mata na kallo!"

"Su kalla," in ji Sufana. "Sai na karɓi takalmina."