Keken Inna Yana Tsallake

A bakin rijiya Zulai ta lura da rigar da ke jikin 'yar maƙwabciyarsu. Sabuwa ce fil, kuma ba ɗinkin Inna ba ne, don Inna ba ta yanka wuya da faɗi haka. Ko bokitin ba ta tsaya cikawa ba, ta koma gida.

Tun kafin a haifi Zulai, Inna Hure ke yi wa matan unguwarsu ɗinki a Bukkuyum, da baƙin keken nan na ƙafa wanda adon jikinsa duk ya goge. Bana ne abu ya lalace. Sai a karɓi riga yau, gobe a dawo da ita ta ɓarke a hammata. Inna ta ce keke ne ke tsallake. Lirwanu, yayan Zulai, ya ce idonta ne.

"Ran Juma'a zan zo in ɗauke keken," ya ce wa Zulai ta waya daga Anka. "In dai yana gabanta ba ta bari. So kike sai ta ɗinke yatsanta?"

"Yaya, keken ne. Da idona na ga yana tsallake."

"To a gyara mu gani. In keke ne, na bar mata abinta."

Zulai ta kasa zama. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Inna ba ta zuwa biki, ba ta son hira. In aka raba ta da keken nan, wuni za ta riƙa yi tana kallon bango. Da la'asar Zulai ta nemo lambar Makau mai gyaran keke a Gummi.

Da Inna ta ji, sai ta haɗe rai.

"Wa yac ce ki kira shi? Keken ga bai son hannun baƙo."

"Inna, in ba a gyara ba Yaya zai ɗauke shi."

Inna ta ci gaba da tsince wake.

Washegari da hantsi Makau ya iso a kan babur. Aka fito da keken zaure, Inna ta zauna a bakin ƙofa da mayafinta.

"Kai, Inna!" ya ce yana kwantar da kan keken. "Wanga ai ya girme ni. Mi kike ba shi, man gyaɗa?"

"Abin da nike ba shi ya fi bakinka tsabta."

Ya yi dariya, ya wanke datti da kananzir, sannan ya juya hannun keken a hankali. Zulai ta durƙusa kusa da shi, tana murza bakin hijabinta.

"Duba nan, ƙanwata. In allura ta sauka ƙasa ta fara tasowa, a lokacin ya kamata bakin ƙugiyar ga ya iso ya cafke zare. To kin gani? Sai allura ta wuce yake zuwa. Kamar mai zuwa tasha bayan mota ta tashi."

"Ke nan keken ne?"

"Keken ne mana."

Zulai ta waiga da murna. Inna ba ita take kallo ba.

Makau ya sassauta ƙaramin noti, ya ɗan sauke sandar allura, ya ɗaure, ya gwada. Bai yi ba. Ya sake kwancewa. Zulai ta tashi, ta leƙa waje, ta dawo, ta kawo masa ruwan da bai nema ba. Can sai ya saka ƙyalle ya taka, keken ya ɗauka da wata murya mai laushi da Zulai ta manta yana da ita. Ɗinki ya fito a jere, ba tsallake ko ɗaya.

"Bisimilla, Inna. Zo ki ji abinki."

"Bari sai anjima."

"Haba Inna," Zulai ta ce, "ki gwada in kira Yaya yanzu."

Inna ta daɗe kafin ta tashi. Ta zauna, ta lalubo ƙyallen atamfa biyu ta haɗa bakinsu, ta taka. Ƙafarta ba ta manta komai ba. Zare ya kama gam. Amma layin ya fara karkata tun daga farko, ya yi ta gangarawa har ya sauka daga bakin ƙyallen sama, allura ta ci gaba da huda na ƙasa shi kaɗai. Inna ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Makau yana can yana ɗaure jakarsa a bayan babur, yana ba da labarin wani keke da ya gyara a Yargalma. Wayar na hannun Zulai, sunan Yaya a buɗe.

Inna ta yanke zare, ta bi ɗinkin da babban yatsa. Ta kai inda ƙyallayen suka rabu, ta tsaya. Ta ninke su, ta ajiye a kan keken, ta dafa bango ta shige cikin gida.